DAGA MAƘERAR GAYA ZUWA KWAMFUTAR ƊAN ƘANWATA: YADDA HANNU DA ILIMI SUKA RABA GARI A ƘASAR KANO

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi mini haƙuri. Wani abu ne ya faru da ni a gida, ya tsaya mini a rai, har ya sa na koma tonon tarihi.

Kwanakin baya na je Gafasa, na tarar famfon tuƙa-tuƙan da ke kusa da gidanmu ya fi wata guda ba ya aiki. Ruwa na nan a ƙasa, bututu lafiyarsa ƙalau. Abin da ya lalace wani ɗan zoben roba ne mai tauri, wanda hannun famfon ke juyawa a kansa, girmansa bai wuce murfin gwangwanin madara ba. Saboda wannan ɗan abin, yara ke tashi tun asuba su ɗauki jarkoki su nufi wata unguwa, wasu har su makara zuwa makaranta.

An yi dace ɗan ƙanwata yana gida hutu. Yana aji huɗu a fannin injiniyancin ƙere-ƙere a wata jami'a, ba zan kama suna ba. Ya karɓi fasasshen zoben, ya buɗe kwamfutarsa, cikin rabin awa ya zana shi tsaf, yana juya shi a allo ta kowane ɓangare, har da lissafin nauyin da zai iya ɗauka. Wallahi na ji daɗi. Na ce masa, "To Injiniya, fito mana da shi mana." Sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai zanen muka koya. Injin da ke fitar da shi, a bidiyo na san shi."

Muka ɗauki zoben muka kai wa wani dattijo maƙeri, abokin marigayi mahaifinmu. Ya juya shi a hannu sau biyu, ya yanko guntun bututun ƙarfe, ya yi masa shimfiɗa da tsohuwar taya, kafin la'asar famfo ya kawo ruwa. Mako biyu aka yi ana murna, sai ƙarfen da ya sa ya fara cin sandar da hannun ke juyawa a kai. Da na koma na gaya masa, abin da ya ce da ni shi ne: "Ɗana, ni da ido nake awo. Da yaron nan zai zo ya zauna nan ya gaya mini awon daidai, da irin abin da ba ya cin ɗan'uwansa, da tuni an wuce wurin." A ƙarshe sai da aka yi karo-karo aka aika Kano aka sayo na kanti.

Kun ga abin da ya dame ni? Mutum biyu a gari ɗaya, kowa riƙe da rabin maganin. Ɗaya yana da lissafi ba shi da hannu, ɗaya yana da hannu ba shi da lissafi, kuma babu abin da ya taɓa haɗa su zama ɗaya sai lalacewar famfo. Yanzu da ake ta maganar a koya wa ɗaliban injiniya ƙira ta hanyar kwamfuta da ci gaba mai ɗorewa, na ga ya kamata mu tambayi kanmu: yaushe aka yi wannan rabuwar, kuma sau nawa aka yi ƙoƙarin ɗinke ta?

Mu mutanen ƙasar Gaya ya fi kamata wannan tambaya ta dama. Labarin da aka gada kaka da kakanni ya ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya yada zango a gindin Dutsen Dala, kuma daga sunansa garin ya samo suna. Zuriyar waɗannan maƙera su ake kira Abagayawa. Labarin baka ne, amma ƙasa ta ba da tata shaidar: masu binciken kayan tarihi sun gano ragowar murhun narka tama a Dala, wanda gwaji ya nuna ya kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Ma'ana, tun kafin a yi ganuwa, tun kafin a yi sarautar Bagauda, ana fitar da ƙarfe daga dutse a wurin nan.

Kada kowa ya raina wannan aikin. Mai narka tama sai ya san dutsen da ke da ƙarfe da wanda ba shi da shi. Sai ya san yumɓun da zai jure wuta ya gina murhu da shi. Sai ya san itacen da gawayinsa ke daɗewa yana ci, shi ya sa maƙera ke neman ƙirya. Sai ya san yawan iskar da zai ba wutar, ya kuma karanta zafinta daga launinta, ba tare da wani ma'auni ba. Abin da ake karantawa yau a jami'a da sunan kimiyyar ƙarafa ke nan, su a jikinsu yake. Kuma yadda ake koyonsa a bayyane yake: yaro ya fara da zuga-zugi, ya yi shekaru yana kallon wuta, sannan a ba shi masaba, sannan a bar shi ya riƙe awartaki a kan uwar maƙera. Makarantar, da kasuwar, da mai buƙatar kayan, duk a wuri ɗaya suke. In ka ƙera fartanya ta karye a gona, gobe mai ita zai dawo maka da ita a gaban jama'a. Jarrabawar ke nan.

A kan irin wannan tsari Kano ta zama garin masana'antu. Zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi. Marinar Ƙofar Mata ana danganta kafuwarta da 1498. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan, ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus. Ya ƙiyasta darajar wannan ciniki a kan wuri miliyan 300 a shekara. Kuma yawancin wannan aiki a ƙauyuka da ƙananan garuruwa ake yin sa: a noma auduga da baba da damina, mata su yi kaɗi, maza su yi saƙa da rini da bugu da rani. Mutumin karkara a lokacin mai sarrafa kaya ne, yana sayar wa duniya abin da ya gama.

Rabuwar farko ta zo ne da jirgin ƙasa. Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911. Daga nan lissafin ya juya. Abin da ake so daga wurinmu shi ne gyaɗa da auduga da fatu ɗanye, abin da ke dawo mana kuma yadin Ingila ne da kwanon sha da ƙarfen da aka narka a Turai. Wa zai kwana yana zuga murhu alhali ga tsohon ƙarfen dogo da na mota ana samu da arha? Sannu a hankali narkar tama ta mutu murus. Maƙera sun tsira, domin sun koma ƙera garma da lauje daga tsohon ƙarfe, har gobe sifirin mota ne ƙarfen da suka fi so. Amma ilimin fitar da ƙarfen kansa ya bi tsofaffi kabari, ba wanda ya rubuta shi da harshenmu.

A daidai wannan lokaci boko ya shigo. A 1909 Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantunsa a Nasarawa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a cikinsu har da makarantar sana'o'in hannu, inda ake koyar da kafinta da ƙira da dukanci da sauransu. To amma tun daga nan aka raba layi biyu. 'Ya'yan sarakuna da malamai aka ba su alƙalami domin su zama ma'aikatan En'e, aikin hannu kuma aka ware shi gefe. Wanda ya riƙe alƙalami shi ya samu albashi da rawani da kujera. Wannan raini da muke yi wa mai baƙin hannu, har uba ya ce wa ɗansa "ka yi karatu kar ka ƙare a gareji", a nan ya samu taki. Mu ma da namu laifin, domin tun asali akwai gidajen da ba sa ba maƙeri aure.

Karatun injiniya na gaske ya zo Arewa a shekarun 1950, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A Kaduna ma an buɗe cibiyar koyar da fasaha a 1956, wadda daga baya ta zama Kaduna Polytechnic. Waɗanda suka fito daga waɗannan wurare a farkon lamari sun yi sa'a ɗaya: suna fitowa aiki na jiransu, aikin da ake taɓa ƙarfe da kankare. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Baƙo ya shiga gina madatsun ruwa, Bagauda da Tiga da sauransu, da hanyoyin ruwan Kadawa. Ga Bompai, ga Sharaɗa, ga Challawa, masana'antu na tashi: masaƙu, majemu, kamfanonin man gyaɗa, na robobi, na alewa. A kan titin Zariya ga kamfanin da ke haɗa manyan motoci da taraktocin Fiat. A Kaduna Peugeot ta fara haɗa motoci a 1975. A Katsina aka yi kamfanin mulmula ƙarfe. Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, a 1971, kuma daga cikinsa aka fito da shirin SIWES, inda ɗalibi ke barin aji ya je masana'anta ya yi watanni. A wancan lokaci shirin na da ma'ana, saboda akwai masana'antar da za a je.

Amma Kano ta lura da wata matsala: injiniyoyi da likitocin da ke wannan aiki yawancinsu ba 'ya'yanta ba ne. Shi ya sa a 1977 aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. A ganina wannan na cikin dabaru mafi kyau da aka taɓa yi a harkar ilimi a Arewa. Aka zaɓo yara masu ƙoƙari ta hanyar jarrabawa, ɗan birni da ɗan ƙauye, aka ba su malamai da ɗakunan gwaji da abinci, aka ce su yi kimiyya zalla. Ku duba manyan likitoci da injiniyoyi da farfesoshin Kano da Jigawa na yau, ku ƙirga nawa ne suka bi ta Dawaki. Darasin da ke ciki shi ne, in aka san abin da ake nema, aka sa mutane a gaba kafin kaya, ana samun biyan buƙata.

Sai ga kishiyar wannan darasi. A 1982 aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4, wanda manufarsa mai kyau ce ƙwarai: kowane yaro a ƙaramar sakandare ya taɓa zarto da guduma da waya, ko ya ci gaba da karatu ko bai ci gaba ba ya fita da sana'a. Aka kashe maƙudan kuɗi aka shigo da injinan koyarwa daga ƙasashen gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. Duk wanda ya yi sakandare a shekarun nan ya san ƙarshen labarin. A makarantar da na yi, akwatunan na nan jibge a wani ɗaki da kwaɗo a ƙofa. Muna leƙawa ta taga muna ganin rubutun da ba mu iya karantawa. Babu wutar da za ta tayar da injinan, babu ɗakin da aka gina dominsu, malamin da ke koya mana darasin shi kansa bai taɓa kunna irinsu ba. A allo aka zana mana injin feƙe ƙarfe, muka haddace sunayen sassansa, muka ci jarrabawa. Har muka gama ba a buɗe akwatunan nan ba, gara da tsatsa suka gaje su.

Ana cikin haka sai tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986. Darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injina da ake sayowa daga waje suka gagara. Ga matsalar wuta, ga yadin waje da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya. Masana'antun Sharaɗa da Bompai suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma rumbunan ajiye kayan China. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. Abin lura a nan shi ne, yawancin masana'antun can haɗa kaya suke yi da injinan da ba mu iya ƙera ko ƙusarsu ba. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara tun 1979, wanda ya kamata ya zama uwar sauran, har yau bai kai ga abin da aka gina shi dominsa ba. Da kuɗin sayen kayan gyara ya ƙare, sai komai ya tsaya cak. Rabuwa ta biyu ke nan: jami'a ta ci gaba da yaye injiniyoyi, wurin da za su koyi aikin hannu kuma ya ɓace. Ɗalibi ya karɓi takardar SIWES ya yi ta yawo, a ƙarshe ya samu ofishin da zai zauna wata shida yana cike littafi.

To ina ƙirar ta koma? Ta koma inda ta fito, wurin masu baƙin hannu. Ku je Ƙofar Ruwa ku ga yadda ake yanka mota a fitar da duk abin da ke da amfani. Ku je Panteka a Kaduna ku ga injin niƙa da injin casa da injin gyaɗa da mutanen da ba su gama firamare ba ke haɗawa. Ku je Farm Centre ku ga yaro ɗan shekara goma sha bakwai yana cire abin da bai kai ƙwayar gero ba daga cikin waya yana mayar da wani. Ku dubi masu narka gwangwani suna zuba shi a cikin yashi suna fitar da tukwane. Injin sussukar da ke zagaya ƙauyukanmu da kaka, daga Gafasa zuwa Toranke zuwa Balare, ba daga Jamus ya zo ba, mai walda ne ya haɗa shi. Yana aiki, amma yana shan mai fiye da kima, yana fasa hatsi, wani lokaci ya ci hannun yaro, saboda ba wanda ya zauna ya yi masa lissafi.

A 2001 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Wudil, wadda aka sauya wa suna a 2022 zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote. Ga mu mutanen Gaya da Ajingi da Albasu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jami'ar fasaha ce a bakin ƙofarmu, a kan hanyar da muke bi kullum in za mu birni, hanyar da wataƙila maƙerin can ya bi da ƙafa zuwa Dala. Ga Jami'ar Bayero da tsangayarta ta injiniya, ga Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, ga cibiyar HEDI ta hukumar NASENI a Kumbotso mai aiki kan injinan ruwa. Makarantu ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ya rage shi ne gadar da za ta haɗa su da maƙera da gona.

A nan ne maganar ƙira ta kwamfuta ta shigo, kuma bari in fayyace ta da Hausar kowa da kowa. Ka zana abu a kwamfuta da awonsa daidai, sai ka tura zanen ga injin da ke bin umarnin kwamfuta. Wani injin yana feƙe ƙarfe ko ya yanka faranti, shi ake kira CNC. Wani kuma yana narka zaren roba yana ɗora shi layi bisa layi har abin ya tashi, kamar yadda magini ke ɗora tubali, shi ne firintar 3D. A da waɗannan injina sai manyan kamfanoni. Bayan da wa'adin haƙƙin mallakar fasahar firintar roba ya ƙare a 2009, farashinta ya faɗo ƙasa warwas, yanzu ƙaramarta ba ta kai kuɗin sabon babur ba. Amfaninta a wurinmu shi ne, tana iya yin abu guda ɗaya tak ba tare da an kafa masana'anta ba. Matsalar ƙauye kuwa kullum ta abu ɗaya ce: zobe ɗaya, farfela ɗaya, murfi ɗaya, haƙorin giya ɗaya.

Kada kuma a ruɗe mu. Robar firinta ba ta maye gurbin ƙarfe, wata ma zafin ranarmu kaɗai ya isa ya lanƙwasa ta. Injinan na son wuta tsayayya, zaren kuma daga waje ake sayo shi. In aka yi sakaci, nan da shekara goma za a leƙa ta tagar wani ɗaki a ga firintocin 3D a cikin kwalayensu, an yi bikin buɗewa an ɗauki hoto an kulle. Akwatunan 1982 ne za su dawo da sabon suna. Wannan shi ne tsorona.

Amma akwai waɗanda suka bi wata hanya, kuma ba nesa suke ba. A Kumasi ta ƙasar Gana akwai unguwar makanikai da ake kira Suame Magazine, inda dubban masu gyara da ƙira ke aiki, cikinsu har da Hausawan zango. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha a 1972, sannan wajen 1980 ta ɗauki injinanta da injiniyoyinta ta buɗe wurin aiki a tsakiyar Suame ɗin kanta. Ba ta jira makanikai su sa riga mai kyau su zo harabar jami'a ba. Ta koya musu aiki da injin feƙe ƙarfe da zubin ƙarfe, su kuma suka nuna wa malaman abin da kasuwa ke nema. Abin ya yi tasirin da gwamnatin Gana ta yaɗa irinsa zuwa sauran yankuna. A Lome ta ƙasar Togo kuma, a 2013, wani matashi mai suna Afate Gnikou ya haɗa firintar 3D daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintocin da aka zubar a bola. Mu da ke da 'yan jari-bola a kowane lungu, me ya hana mu?

Shi kuma ci gaba mai ɗorewa, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara wa muradu 17 a 2015, in ka cire masa rigar taro, a Gafasa ma'anarsa mai sauƙi ce: abin da aka kawo ya ci gaba da aiki bayan wanda ya kawo shi ya tafi. Rijiyoyin burtsatse nawa ne a ƙaramar hukumarmu ke tsaye da allon sunan wanda ya gina su, babu ɗigon ruwa? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, jama'a sun raja'a kan sola, masu noman rani na sauya injin fetur da famfon sola. Madalla. To wa zai gyara su in sun lalace? Ina za a kai matattun batura masu dalma, waɗanda yara ke fasawa da hannu? Kakanninmu ma sun biya farashi, domin narkar tama ta ci itatuwa ba kaɗan ba, yau ga shi ƙirya sai an tona. Injiniyan da za mu yaye dole ya riƙa tambayar kansa tun a kan zane: da me za a yi abin nan a nan kusa, wa zai gyara shi, ina zai tafi in ya mutu?

Saboda haka ga abin da nake gani, ni da ba kowa ba.

Na farko, aikin kammala karatu na ɗalibin injiniya ya fito daga matsalar wani gari takamaimai, kuma kada a ba shi maki sai abin ya yi wata uku yana aiki a hannun masu shi. A dawo da jarrabawar fartanya. Mun gaji da injinan da ake yi wa fenti ranar kare aiki, washegari a jibge su a bayan tsangaya.

Na biyu, a amince ɗalibi ya yi watanninsa na SIWES a wurin maƙeri ko mai walda ko mai zubin tukwane, da sa idon malaminsa, a kuma biya mai wurin haƙƙinsa na koyarwa. Ɗalibi ya zo da ma'auni da kwamfuta, ya koma da kanta a hannu.

Na uku, in za a sayi injinan zamani, a fara da mutum. A horar da wanda zai riƙe su, a tanadi sola da kuɗin kayan aiki na shekara biyu, sannan a sayo inji. Kuma a ajiye wasu a cikin gari, kusa da kasuwar Wudil ko ta Gaya, inda manomi zai shigo da fasasshen abu a leda ya fita da sabo ya biya. Kuɗin da yake biya shi zai riƙe wurin.

Na huɗu, a haɗa sabo da tsoho. Ɗalibi ya zana farfelar famfo, firinta ta fitar da samfurinta na roba, mai zubin tukwane ya danna samfurin a yashi ya zuba narkakken gwangwani, mai injin feƙewa ya gyara bakin. Ga kayan gyara an yi a gida, daga sharar da ke toshe mana kwalbati. Kowane zane kuma a adana shi da bayani da Hausa, yadda na Ajingi zai amfani na Maraɗi ta waya.

Na biyar namu ne mu iyaye. Mu daina yi wa yaro kallon wanda ya faɗi in mun gan shi da baƙin mai a riga. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya bi. Kuma 'yan mata ma a buɗe musu ƙofa, domin zane da awo da sarrafa inji ba su san namiji ko mace ba, wahalar ruwa da ta niƙa kuwa su ta fi ci.

Kafin in baro gida na sa ɗan ƙanwata ya koma wurin dattijon nan. Da farko yana noƙewa, wai me zai ce masa. Na ce ba sai ka ce komai ba, ka gaishe shi ka karɓi zuga-zugi. Ya yi kwana tara yana zuwa. Ranar da zai koma makaranta ya kira ni ya ce, "Kawu, ashe Baba ya san ƙarfen da zai karye tun daga ƙarar da yake yi in an buga shi. Mu sai da muka yi zango guda a kan wannan." Shi kuma dattijon ya sa an sayo masa irin ɗan ma'aunin da ya gani a hannun yaron, yana ajiye da shi a aljihun gaba, a cikin tsumma.

Malamanmu na Wudil da Bayero da ke bibiyar shafin nan, da 'yan'uwa masu sana'a, ina son jin ta bakinku, musamman wanda ya taɓa gwada irin wannan haɗin ya ga inda yake cijewa. In na yi kuskure a wata shekara ko wani suna a gyara mini.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa wa 'ya'yanmu albarka a karatunsu da hannayensu. Amin.